Kai Yaro Wurin Malamar Koyar da Hali: Shirin Ranar Farko

A karanta Yohanna 9:1-7 da Markus 10:13-16 kafin a shiga wannan darasi.

'Yan'uwa cikin Almasihu, a yawancin ikkilisiyoyinmu akwai yaro ɗaya ko biyu da kowa ya sani, amma ba a cika ɗauko maganarsa a taro ba. Ya kai shekara huɗu bai fara magana ba, ko kuwa yana ta maimaita abin da aka faɗa masa. A kira sunansa ba zai waiwayo ba, amma motsin leda daga bayan ɗaki ya ji shi. Da zarar zumuntar mata ta ɗauki waƙa da ganga da tulu, sai ya toshe kunnuwa ya fasa ihu. Uwar takan ɗauke shi ta koma gindin bishiya har a tashi sujada. Bayan 'yan watanni sai a ga ta daina zuwa gaba ɗaya.

Likitoci suna kiran wannan lalura otizim. A rediyo za ku ji ana cewa galahanga, amma an cusa wa wannan kalma lalurori da yawa waɗanda ba iri ɗaya ba ne, don haka za mu riƙe sunan da likitoci ke amfani da shi. Wani likita a Amurka, Leo Kanner, ya bayyana ta a rubuce a 1943 bayan ya lura da yara 11. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 yana da ita. Lalura ce ta yadda ƙwaƙwalwa take girma, gado kuma yana da hannu babba a ciki. Yaron ba ɗan ruwa ba ne, ba a kuma yi masa sammu ba. Allurar riga-kafi ma ba ta kawo ta. Rahoton da ya tayar da wannan jita-jita a Ingila a 1998 an janye shi a 2010, aka kuma hana likitan da ya jagorance shi aikin likita. Tambayar da almajirai suka yi a kan makahon nan, ko laifin wane ne, har yau ita ce ake yi wa iyaye a ƙauyukanmu. Mun ga yadda Ubangiji ya ɗauke laifin daga kan mutumin da iyayensa duka.

Wasu iyalai a cikinmu sun riga sun kai yaro babban asibiti, likita ya duba ya tabbatar, ya kuma tura su wata cibiya a birni inda ake wata irin koyarwa da ake kira da haruffa uku na Turanci, ABA. An ba su rana. Kuɗin mota kaɗai ya isa ya cinye buhun masara. Wannan darasi domin su ne, da kuma ikkilisiyar da za ta tsaya a bayansu, don kada tafiyar farko ta tashi a banza.

Mece ce wannan koyarwa?

Da Hausa muna iya ce mata koyarwa ta nazarin hali. Ba magani ba ce, babu allura, babu ƙwaya. Tushenta abu ne da kowane makiyayi ya sani: halin da ya jawo wa mai shi abin da yake so, zai sake yin sa. Masanin Amurka B. F. Skinner ne ya yi nazarin wannan a tsare, kuma a 1968 masu wannan fanni suka fara buga mujallarsu. Malamar takan ɗauki abu guda da ake son yaro ya koya, misali wanke hannu, ta yanka shi ƙanana: ɗaukar buta, zuba ruwa, shafa sabulu, cuɗawa, ɗaurayewa. Ta taimaka masa a kowane mataki, ta ba shi lada nan take idan ya yi, sannan ta riƙa janye taimakon sannu a hankali har ya iya shi kaɗai. Tana kuma rubuta kome, don a san ko ana ci gaba ko ana tsaye wuri ɗaya.

Ya kamata mu faɗa muku gaskiyar tarihinta. A 1987 wani masani a Jami'ar Kalifoniya, Ivar Lovaas, ya ba da rahoton yara 19 da aka koyar awa 40 a mako har shekara biyu ko fiye. Ya ce 9 daga cikinsu sun gama ajin farko na firamare tare da sauran yara ba tare da taimako na musamman ba. Wannan rahoto ne ya sa koyarwar ta yi suna. Amma a 2018 masanan ƙungiyar Cochrane suka tattara bincike 5 da suka shafi yara 219, suka ce akwai alamar amfani, sai dai hujjar ba ta da ƙarfi sosai. Har ila yau, a shekarun farko an yi amfani da mari da tsawa a cikin koyarwar, kuma manya da yawa masu otizim da aka koyar da su tun suna yara sun fito sun ce an cutar da su, domin an matsa musu su yi kamar sauran mutane ko da abin yana yi musu zafi. Malaman kirki na yau sun bar waɗannan hanyoyi. Mun kawo wannan ne don ku shiga ɗakin da idonku a buɗe. Yara da yawa sun koyi roƙon abin da suke so, da zuwa ban ɗaki, da sa tufafi ta wannan hanya. Wanda ya ce muku zai warkar da yaro cikin wata uku kuwa, ku riƙe kuɗinku.

Littafin uwa

Abin da ya fi kome daraja da za ku kai wa malama a ranar farko shi ne abin da kuka sani game da yaron. Ita ta yi karatu, amma ba ta taɓa kwana da shi ba.

Mun koyi wannan ta hanya mai ciwo. Akwai lokacin da muka taimaki wani iyali da kuɗin mota, sai dangi suka yanke shawara cewa gwaggon yaron ce za ta kai shi, domin ita ce mai jin Turanci, uwar kuma ta zauna da jariri. Malamar ta tambayi yaushe ya fara tafiya, me yake ci, me ke sa shi kuka. Gwaggo ba ta da amsa ko ɗaya, domin a wani gari take aure. Yaron kuma ya yini yana neman uwarsa. Laifin namu ne, da ba mu tambayi wanda zai tafi ba. Tun daga ranar muke cewa, wanda ke yini da yaro shi ne zai je, mai fassara ya bi shi a baya.

Mako biyu kafin ranar, a sayi ƙaramin littafin rubutu. Idan uwa ba ta rubutu, malamin makarantar Lahadi ko wata 'yar'uwa daga zumunta ta riƙa leƙowa da yamma tana rubuta mata. A raba kowane shafi gida uku. Gidan farko, abin da ya faru kafin. Na biyu, abin da yaron ya yi. Na uku, abin da ya biyo baya. Wannan shi ne ainihin yadda malaman suke nazari, kuma duk uwar da ta kawo shi a rubuce ta rage musu aikin makonni.

Ga misali. Kada a rubuta "ya yi rigima da rana". A rubuta: wajen ƙarfe biyu, mun dawo daga gona, ya tsaya kusa da randa. Ya buga kansa a bango sau uku. Yayarsa ta ɗebo ruwa ta ba shi, ya sha, ya yi shiru. Idan aka ga wannan ya maimaitu sau biyar cikin mako, to an gane cewa buga kan nan magana ce, yana cewa ƙishi yake ji, kuma ya gano cewa wannan hanya ce take kawo ruwa da sauri. Aikin malama shi ne ta koya masa wata hanya mai sauƙi, ko ya miƙa moɗa, ko ya nuna hoton kofi, ko ya ce "ruwa", ku kuma ku riƙa ba shi nan da nan idan ya yi haka.

Malaman sukan ce yawancin halayen da ke damun iyaye suna da dalili ɗaya daga cikin huɗu. Ko yaro yana neman wani abu, ko yana gudun wani abu, ko yana son a kula shi, ko kuwa abin da yake yi yana yi masa daɗi a jiki, kamar kaɗa hannu da jujjuyawa. Yaron da ke ihu duk lokacin da aka tayar da injin niƙa gudun ƙara yake yi, kuma bulala ba za ta rage ƙarar injin ba. Sai dai a kula, wani lokaci dalilin ciwo ne kawai: haƙori, kunne, ko taurin bayan gida. Yaron da ba ya magana ba zai ce muku cikinsa na ciwo ba. Idan hali ya canja farat ɗaya, a fara da asibiti.

A bayan littafin a rubuta abubuwan da yaron yake ƙauna, daga wanda ya fi so zuwa ƙasa. Kada ku ji kunyar rubuta murfin kwalba, ko tsohuwar tayar keke, ko wasa da ruwa, ko a ɗaga shi sama a juya, ko wata waƙar sujada guda ɗaya da yake so a yi ta maimaitawa. Waɗannan ne malama za ta yi aiki da su a matsayin lada, kuma yaron da ya fi son murfin kwalba ba zai damu da motar roba mai tsada ba. A rubuta kuma abin da ya tsana, kamar a taɓa masa kai ko a sa masa takalmi. A ƙarshe a rubuta abin da ya iya. Iyaye sukan manta wannan, domin an saba tambayarsu abin da ya kasa.

Idan akwai waya mai ɗaukar bidiyo a gidan ko a maƙwabta, a ɗauki gajeru uku ko huɗu: yana cin abinci, yana wasa shi kaɗai, yana tare da 'yan'uwansa. A baƙon wuri yaro ba ya nuna halinsa na gida. A haɗa da katin riga-kafi, da takardar likita, da sakamakon gwajin ji idan an yi. Idan ba a yi ba, a roƙa a yi, domin kurumta ma tana hana magana. Farfaɗiya takan zo tare da otizim a wasu yara. Idan yaronku yana shan maganinta, a tafi da kwalin, a kuma ba shi a kan lokaci ko ana cikin mota.

Sai kuma uba da uwa su zauna su zaɓi abu biyu ko uku da suka fi so yaron ya koya. Ku zaɓi abin da zai sauƙaƙa rayuwarsa a gidanku: ya iya nuna yana jin yunwa, ya tsuguna a masai, ya tsaya idan an kira shi kusa da rijiya ko bakin hanya. Karanta ABCD zai iya jira.

Shirya yaron da hanya

Yaran nan suna jin tsoron abin da ya sauya ba zato. Kwana uku kafin tafiya a fara gaya masa da gajerun kalmomi iri ɗaya kullum: "Za mu shiga mota. Za mu ga Malama. Za mu yi wasa. Za mu dawo gida." Ko kuna ganin ba ya fahimta, ku faɗa. Da yawansu suna gane fiye da abin da suke iya nunawa. Idan cibiyar za ta aiko da hoton ƙofarsu da na malamar ta waya, a riƙa nuna masa. Kada a ce masa za a kai shi a yi masa allura idan bai yi shiru ba.

Kada a ɗinka masa sabon kaya don wannan rana. Ya sa rigar da ya saba da ita, ko ta koɗe. A ɗauki kayan canji, da ruwa, da abincin da ya saba ci, da wannan abin nasa da ba ya rabuwa da shi. Tasha wuri ne mai hayaniya, don haka mutum ɗaya ya sayi kujera, ɗayan ya jira da yaron a gefe har mota ta cika, yana riƙe da hannunsa. Idan hanya ta yi nisa, gara a kwana a birni wurin 'yan'uwa a je da safe, a kan a sauko daga mota a gajiye a wuce ɗakin koyarwa. Abu biyu muke roƙo kada a yi: kada a ba shi maganin tari ko na barci don ya yi shiru a hanya, kuma kada a bar shi da yunwa wai don ya fi biyayya idan an nuna masa abinci.

Abin da za ku gani a ɗakin

Iyaye da yawa sukan fito daga zaman farko da ɓacin rai. Wani uba zai ce, "Mun biya kuɗi, ita kuwa ta zauna a ƙasa tana hura kumfa da shi." Haka ya kamata ya kasance. Kafin yaro ya karɓi koyarwa daga baƙuwa, sai ya san cewa zama kusa da ita yana kawo abin daɗi. Saboda haka a zaman farko, wani lokaci har na uku da na huɗu, malama ba ta cika ba da umarni ba. Tana bin sa, tana ba shi abin da yake so, tana lura da abin da ya fara ɗauka da abin da ya ture. Za ta gwada ko yana kwaikwayo, ko yana bin ƙaramin umarni, ko yana nuna abu da yatsa. Sauran lokacin tambayoyi ne gare ku, a nan ne littafin zai yi aikinsa.

Mai yiwuwa yaron ya yi kuka, ya kwanta a ƙasa, ko ya ƙi shiga. Kada ku daka masa tsawa don ku fita kunya. Ba jarrabawa ya zo ba, babu kuma abin da zai yi da malamar ba ta taɓa gani ba. Kada ku kuma amsa masa tambaya ko ku kama hannunsa ku yi masa abin da aka ce ya yi, domin tana so ta ga iyakar abin da ya iya da kansa. Idan ta tambaya ko ana dukansa a gida, ko ana kulle shi idan za a tafi gona, ku faɗi gaskiya. Ba za ta iya taimaka muku da abin da kuka ɓoye ba.

Mu mutanen ƙauye mun saba sunkuyar da kai a gaban mai ilimi. A wannan ɗaki kuna da ikon yin tambaya, cikin ladabi. Uwa tana iya cewa, "Malama, a ina kika koyi wannan aiki, wane ne kuma yake duba aikinki?" Tana iya cewa, "Malama, idan ya ƙi yi, me za ki yi masa?" Amsar wannan tambaya ta biyu ita ce za ta nuna muku irin wurin da kuka zo. Idan an ambaci duka, ko ɗaurewa, ko kulle shi shi kaɗai, ko hana shi abincinsa, ku ɗauki ɗanku ku tafi. Haka nan idan an ce iyaye ba za su taɓa ganin abin da ake yi a ciki ba, ko ta taga.

Ku yi magana a kan kallon ido. Wasu tsare-tsaren suna sa yaro ya riƙa kallon ƙwayar idon mai magana, alhali masu otizim da yawa suna cewa hakan yana takura su. A wurinmu ma, yaron da ya ƙura wa babba ido ai rashin kunya ake ce masa. Ya isa ya juyo idan an kira shi. Kaɗa hannu da jujjuyawa kuma, in ba ya jin rauni, sau da yawa da su yake kwantar da hankalinsa, babu dalilin ɓata kuɗi a hana shi. Ku tambayi kuma da wane harshe za a koyar. Idan an koya masa roƙon ruwa da Turanci, kakarsa da ke yini da shi ba za ta gane ba.

Sai maganar kuɗi da lokaci. A Amurka akan tsara wa ƙananan yara awa 20 zuwa 40 a mako. Manomin da ke tafiyar awa uku kafin ya isa birni ba zai iya wannan ba, kuma kada ya sayar da gona don ya gwada. Ku faɗi ƙarfinku tun ranar farko. Ku roƙi a koya muku ku iyaye, a ba ku abu ɗaya ko biyu da za ku riƙa yi a gida lokacin wanka da cin abinci, ku riƙa komawa sau ɗaya a wata da littafinku. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tana da shiri na horar da iyayen irin waɗannan yara, domin wuraren da ƙwararru suka yi ƙaranci. A rubuta muku kuɗin kowane zama da ranar da za a sake duba ci gaba.

Bayan an dawo

Yaron zai iya kwana biyu yana fushi ko ya ƙi barci. Gajiyar hanya ce da baƙon wuri. A mai da shi kan tsarinsa na kullum. A daren nan, tun ba a manta ba, a rubuta abin da malama ta ce, sannan a tara duk mutanen gida a bayyana musu. Idan uwa tana jira ya miƙa moɗa kafin ta ba shi ruwa, kaka kuma tana ba shi da zarar ya buga kai, to buga kan zai ci gaba.

A Markus 10 almajirai ne suka tsaya tsakanin yara da Yesu, ba baƙi ba. Dattawan ikkilisiya su tambayi kansu abin da za su iya yi kafin ranar tafiya. Wane ne zai riƙe sauran yaran gidan? Wane ne zai kama musu aikin gona a ranar? Akwai ɗan ikkilisiyarmu a birni da zai ba su masauki? Za a iya ware baiko na Lahadi ɗaya don kuɗin mota ba tare da an tsayar da iyalin a gaban jama'a ba? Mu yi addu'a tare da su a gidansu, cikin natsuwa, ba a kewaye yaron ana ihu a kansa ba. A majami'a kuma a ajiye musu benci kusa da ƙofa, nesa da lasifika, inda uwar za ta iya fita da shi ta dawo ba tare da kowa ya juyo ba. Malamin makarantar Lahadi ya roƙi uwar ta nuna masa shafin baya na littafin, inda aka rubuta abubuwan da yaron yake ƙauna.